Shin bin ƙa'idojin cin abinci na gwamnati zai rage mini ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, haihuwata huɗu, na yaye ƙaramin bara. Nauyina kilo 92, tsawona mita 1.62. An auna sugana da safe kafin in ci komai aka samu 6.4, likita ya ce in rage ƙiba. Na ga hoton dalar abinci ta Ma'aikatar Lafiya, na kuma ga wani hoton faranti na Amurka a intanet. Ƙawata ta ce duk ɓata lokaci ne, in daina tuwo da shinkafa gaba ɗaya in sayi shayin rage teɓa. In na bi na gwamnati zan ragu kuwa? Kuma ta yaya, alhali tukunya ɗaya muke ci da maigida da yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Za ki ragu in Allah ya so, amma sai kin ƙara wa waɗannan ƙa'idoji wani abu da ba su faɗa miki ƙarara ba, wato awo. Suna gaya wa mutum irin abin da zai ci, ba su gaya masa girman malmala ko yawan man da zai shiga tukunya. Ƙiba kuwa a nan take ɓuya.

Ƙa'idojin Najeriya sun fito ne a 2001, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tsara su. Hoton da kika gani dala ce mai hawa-hawa. A gindinta akwai hatsi da burodi da su doya da rogo. Sama da su ganyaye da 'ya'yan itatuwa, kuma waɗannan hawa biyu na ƙasa aka ce su shiga kowane cin abinci. Sai ƙwai da kifi da nama da madara, a ci daidai wa daida. Sai mai da kitse, kaɗan-kaɗan. Can a ƙololuwa kayan zaƙi, sai jefi-jefi. A gefe an ajiye kofin ruwa, alamar a yawaita shan ruwa. Amurka kuma tun 1980 take fitar da nata, tana sabunta su duk shekara biyar. A 1992 ta yi tata dalar, a 2011 ta fito da wannan farantin, wanda rabinsa ganye ne da 'ya'yan itace, ɗaya rabin hatsi da abinci mai gina jiki, ga kofin madara a gefe.

Duk waɗannan an rubuta su ne don al'umma baki ɗaya: yaro mai tasowa, da mai ciki, da manomin da ke yini riƙe da fartanya, da tsohuwar da ba ta fita ko ƙofar gida. Kamar yadi ne da ba a ɗinka ba, sai tela ya auna mutum kafin ya zama riga. Shi ya sa wanda ya karanta cewa hatsi ne gindin dala zai iya cika faranti da shinkafa ya ce ai umarnin gwamnati yake bi, kuma a zahiri bai saɓa wa hoton ba. A wajenki, da yake suga ya fara ɗagawa, tsarin faranti ya fi dala amfani, saboda yana nuna wa ido rabon kowane abu. Wanda muke ba masu irin matsalarki shi ne rabin faranti ganye, kwata abin gina jiki, kwata tuwo ko shinkafa ko doya.

Kafin mu shiga kicin, ki san inda kike. Idan aka raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki, ana samun 35. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 30 zuwa sama an shiga ƙiba. Suganki na 6.4 bai kai ciwon suga ba, don sai ya kai 7.0 kuma an sake tabbatarwa, amma ya wuce na mai cikakkiyar lafiya. Kina bakin ƙofa ne, kuma wannan shi ne lokacin da ƙoƙari ya fi biya. An yi wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 masu suga irin naki. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari a kimanin shekara uku. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin nasu ya ragu da kashi 31. Kashi 7 na nauyinki kilo shida ne da ɗan ɗoriya. Wannan nake so ki sa a gaba tukuna. Kada ki ce sai kin koma jikinki na kafin aure, wannan burin ne yake karya wa mata da yawa gwiwa tun a wata na biyu.

Abu na farko da nake tambayar duk macen da ta zo da irin wannan ƙorafi shi ne, kwalbar mai kwana nawa take yi a gidanki? Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki: giram ɗaya na sitaci ko na furotin, wato abin gina jiki, kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120, haka manja, man shanu ma bai yi nisa da su ba. Kwalba mai santilita 75 ta haura kalori 6,000. A ce gida mai mutum shida ya cinye ta a kwana huɗu, kowa ya samu kusan 260 a kullum daga mai kaɗai, kuma babu wanda zai ce ya ji ya ƙoshi saboda shi. Ki tuna yadda ake zuba mai a garau-garau, a tuntsura kwalba har sai shinkafa ta yi ƙyalli, ko ɗanwake da ake ci mai yana kwance a gindin kwano, ko miyar dage-dage da manja ke iyo a samanta. Wake da shinkafa abinci ne mai kyau ƙwarai, ɗanwake ma haka. Man da aka tsiyaya musu ne yake ninka nauyinsu. Daga yau ki daina zuba mai daga bakin kwalba, ki riƙa aunawa da cokali. Ki fara da rage sulusin abin da kika saba sa wa miya, in baki ya saba ki kai rabi. Na sha ganin gidajen da aka yi haka maigida bai ma lura ba, muddin an wadata miyar da daddawa da albasa da kayan ƙamshi. A farantinki kuwa, ƙaramin cokali ɗaya ya isa garau-garau.

Suya ma ta shiga nan. Awara da aka jefa a miya ko aka gasa ba ɗaya take da wadda ta sha mai a kasko ba. Alale ya fi ƙosai sauƙi, dafaffiyar doya ta fi soyayya, dafaffen ƙwai ya fi wainar ƙwai. Ban ce ki yi bankwana da ƙosai ba, amma ya koma na ranar hutu.

Na biyu shi ne abin sha, kuma a nan ne za ki fi saurin ganin canji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, ƙananan cokula goma sha biyu, in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali tara. Abin shan malt da ake kai wa maijego da mara lafiya a matsayin mai ƙara jini shi ma sukari ne cike da shi. A 2022 gwamnatin Najeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, kuma rage shan sa na cikin dalilan da aka bayar. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne na gida, don shi ba a zarginsa: zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemon citta da ake auna musu sukari da gwangwani, da furar da ake damawa a zuba mata cokali uku, da shayin safe mai kaurin madara da sukari. Abin da aka sha ba ya tare ciki kamar abin da aka tauna, sai mutum ya shanye kofi biyu ya kuma ci abincinsa cikakke. Zuma da mazarƙwaila ba mafita ba ne, jiki a matsayin sukari yake karɓarsu. Ki yi zoɓonki da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki ɗebi naki kafin a sa wa na yara sukari. Lemo da kankana kuma ki ci su da tsokarsu, kada ki matse.

Yanzu tuwo, wanda ƙawarki ta yanke wa hukunci. Masu daina sitaci kwata-kwata suna saurin sauka a makonnin farko, amma kaso mai yawa na wannan ruwa ne jiki ya saki. An gwada rage sitaci da rage mai a Jami'ar Stanford ta Amurka, sakamakon ya fito a 2018: mutum 609, rabi suka rage mai, rabi suka rage sitaci, tsawon shekara guda. Masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5, masu rage sitaci kimanin kilo 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raba wanda ya ci nasara da wanda bai ci ba shi ne iya ɗorewa. To ke ki tambayi kanki, a gidan da ake tuƙa tuwo kusan kullum, da tsadar nama da ƙwai da kifi a yau, wata nawa za ki yi ba tuwo ba shinkafa? Ni ba na ba matan gida wannan shawarar, don na san ƙarshenta. Ana yin wata ɗaya cikin ƙunci, a dawo da yunwar da ta fi ta da.

Abin da za ki yi shi ne ki rage girma ki kuma gyara iri. Malmalarki ta zama kamar dunƙulen hannunki, guda ɗaya, ba ƙari. Shinkafa ko taliya ko dambu su tsaya a kwatan faranti. Wajen iri kuwa muna da sa'a, domin gero da dawa da acca suna hannunmu. Matsalar ita ce surfe. Dusar da ake surfewa a bai wa tumaki ita ce ke sa abinci ya daɗe a ciki, suga ya hau a hankali. Idan za ki kai niƙa, ki sa a wanke hatsin a niƙa shi da dusarsa, ko a yi masa surfe sama-sama. Tuwon dawa ko na gero da aka yi haka ya fi miki tuwon shinkafa da farin garin masara da burodi. Sai dai kada ki ɗauka don na dawa ne an halatta malmala uku, kalorinsu kusan ɗaya ne. Idan shinkafa da wake za a dafa, waken ya kai shinkafar yawa ko ya fi ta.

Rabin farantin da ya rage shi ne inda mafi yawanmu muke da gibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum, ban da dankali da rogo da doya. Mu kuwa ludayi ɗaya na miyar kuka muke lissafawa a matsayin ganye. Kuka tana da amfani, amma abin da ke cikin ludayin bai kai ko'ina ba. Ba kuma sai kin sayi abin da kika gani a hoton Turawa ba. Kwaɗon zogale ko na rama, alayyahu, yakuwa, lansir, kabeji, kabewa, kuɓewa ɗanya, yalo da gauta, kokwamba, tumatir da albasa, duk suna cika wannan gurbin. Faten tsaki da aka cika wa ganye har ya rinjayi tsakin, ko dambun da zogale ya fi gari yawa, abinci ne da zan sa wa hannu ko a ina. Ki kula da kwaɗo dai: ƙuli-ƙuli a ɗan barbaɗa, kada kuma a bi shi da mai da sukari. Wata dabara mai sauƙi ita ce ki fara cin ganyen kafin ki taɓa tuwon. 'Ya'yan itace ki bi na lokaci, goba, gwanda, lemo, kankana, mangwaro ɗaya matsakaici. Dabino biyu ko uku sun isa.

Abin gina jiki kada ya ɓace daga kowane cin abinci, musamman na safe, don shi ke hana yunwar hantsi. Kunu da burodi kaɗai ba za su kai ki azahar ba. Kunun da ba sukari tare da alale, ko dafaffen ƙwai biyu, ko kindirmo marar zaƙi, za su kai ki. Wake, gurjiya, awara, busasshen kifi, kaza ba fata, jan nama da aka yanke wa kitse, duk daidai ne. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, ba ƙulli bayan ƙulli ana hira ba.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma mai ƙiba da suga yana kusa da hawan jini, don haka ba zan tsallake shi ba. Iyakar da aka sa ita ce ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da dunƙulen magi da garin taliyar yara. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma sinadarin sodiyum ne a cikinta, irin wanda ke cikin gishiri. In an sa dunƙule a rage gishiri, daddawa ta cike gurbin.

Batun tukunya ɗaya kuwa, ba kya buƙatar girki biyu. Miyar da aka rage wa mai da gishiri ta fi wa maigida da yara lafiya su ma. Abin da kike buƙata shi ne farantinki daban. Wanda ke ci a tire ɗaya da mutane ba zai taɓa sanin yawan abin da ya ci ba. Ki zuba naki a matsakaicin faranti, ki zauna tare da su ki ci a nutse. Akwai kuma cin da mata ba sa lissafawa: ɗanɗanon girki da ke zama loma biyar, ƙanzon tukunya, da ragowar yara da ake cinyewa don kada a yi almubazzaranci. Ki rufe ragowar a ɗumama musu anjima. Yara kuma ba a rage musu abinci don uwa tana rage ƙiba, jikinsu yana kan girma. Ranar biki ko suna, ki ci wani abu kafin ki fita, a can ki zaɓi abu ɗaya da ranki ke so, ki riƙe ruwa a hannu don kada a yi ta miƙo miki lemo. Ki kuma shirya wa tambayar dangi, domin da zarar fuska ta faɗa za a fara cewa ko lafiya, ko maigida ne ba ya kula da ke. Ki ce likita ne ya sa ki saboda suga, wannan amsar tana kashe maganar.

Shayin rage teɓa ki bar shi inda kika gan shi. Da yawansu filasko ne a ciki ko wani abu mai sa fitsari. Mutum ya yi ta zarya bayi, sikeli ya nuna ya ragu, alhali ruwa ne ya fita, kitsen yana nan. Yawan shan su yana kwashe gishirin jini, ya sa hanji ya kasa aiki sai da su, wasu kuma ba a ma san abin da aka haɗa a ciki ba. Kuɗin ya fi amfani a wajen mai kayan gwari. Haka kuma zama da yunwa daga safe har la'asar, yawanci da dare ake ramawa har da riba. In kina azumin Litinin da Alhamis ki ci gaba, amma buɗe-bakin ya bi tsarin farantin nan, kada ya zama taron soye-soye da kunu mai zaƙi.

Motsa jiki minti 150 a mako shi ne mafi ƙaranci, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri da za ki ji numfashi ya ɗaga amma kina iya magana. Ana iya rarraba shi. Zagayen tsakar gida bayan asuba, tafiya islamiyya a ƙafa maimakon adaidaita, minti goma na tattaki bayan cin abinci, wanda ke taimakawa wajen sauke sugan da ke hawa a lokacin. Shi kaɗai ba ya sauke nauyi mai yawa, domin kwalbar lemo ɗaya tana iya mayar da abin da tafiyar rabin awa ta ƙona. Amfaninsa ya fi fitowa wajen gyara suga da hana nauyin dawowa. Ki samu barci isasshe kuma, ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Idan kika rage kimanin kalori 500 a yini, wanda man da lemon da rabin malmalar nan kaɗai za su iya ba ki, za ki riƙa sauke wajen rabin kilo a mako da farko. Daga baya zai yi jinkiri, wani lokaci ya tsaya cak na makonni, domin jikin da ya ragu buƙatarsa ma ta ragu. Ba alamar kin gaza ba ce. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya. Ki kuma ɗauki tef ɗin tela ki auna ƙugunki a tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin kwankwaso. Abin da ake so a ƙarshe shi ne ya gaza rabin tsawonki, wato ƙasa da santimita 81, domin kitsen ciki ne ya fi alaƙa da suga. Sau da yawa zani yana fara sakwarkwacewa kafin sikeli ya motsa.

Duk wannan na faɗa ne a kan cewa ba ki da ciki, ba ki shayarwa, kuma ba ki da ciwon ƙoda. In kika samu ciki a tsakani, ki dakatar da rage nauyi ki je awo da wuri, ki kuma gaya musu batun sugan. In an taɓa ɗora ki a kan maganin suga, kada ki rage abinci sai likita ya sani, don wasu magungunan suna iya faɗar da suga ƙasa sosai. Ki faɗa masa duk abin da kike sha ko ake yi miki, har da allurar tazarar haihuwa da magunguna irin su prednisolone da dexamethasone, saboda suna iya ƙara nauyi. Bayan wata uku ki koma a sake auna sugan da hawan jini, ki tafi da takardar da kika riƙa rubuta nauyinki da awon ƙugunki na kowane mako, da abin da kika ci na kwana uku a jere ba tare da ɓoye komai ba. Da wannan takardar likita ko ma'aikaciyar sashen abinci za su ga inda za a ƙara gyarawa, da kuma ko akwai buƙatar a haɗa miki da magani.